Fuska, Murya da Akushi: Haɗarin Kashe Kai a Tsakanin Masu Ciwon Dajin Kai da Wuya a Kankiya da Kusada



A watan Yulin 2025 aka buɗe sabuwar cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Gwamnatin Tarayya da ke Katsina, tare da takwarorinta na Inugu da Benin. Ga mutumin Kankiya ko Kusada wannan sauƙi ne babba. A da, duk wanda likita ya rubuta wa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai ya kama hanyar Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ya je ya bi layi, sau da yawa guzurinsa ya ƙare kafin a zo kansa. Yanzu daga Kankiya tafiyar kilomita 60 ce ko kusa da haka. Abin da zai biyo baya a fili yake: za a samu ƙarin mutanen da za a gaya wa sunan ciwonsu ƙarara, da ƙarin waɗanda za a yi wa aiki da gashi su dawo gida da ransu, amma fuska ta sauya ko murya ta tafi. Wannan maƙala tana son kafa magana ɗaya. Mai ciwon dajin kai da wuya ya fi akasarin majinyata kusa da yanke ƙauna har ya kai ga tunanin kashe kansa, kuma abubuwan da muke dogara da su wajen kare mu daga wannan musiba, wato ibada cikin jama'a da zaman dangi, su ne ainihin abubuwan da ciwon yake raba mutum da su. Saboda haka tambayar majinyaci halin da zuciyarsa take ciki wani yanki ne na magani, kuma a Kankiya da Kusada ya fi dacewa a riƙa yin ta, domin a nan yake kwana yake tashi.

Sunan "ciwon dajin kai da wuya" rumfa ce da likitoci suka tara ciwuka da dama a ƙarƙashinta: na leɓe da harshe da dasashi da ganɗa, na maƙogwaro da mafitar murya, na kogon hanci da lungun da ke bayansa, da na ƙullutun da ke samar da yawu. Na ƙwaƙwalwa ba ya ciki. A duniya kusan mutum 900,000 ke kamuwa da su a shekara. A Nijeriya, wata bita da aka buga a 2009, wadda ta tattara rahotannin asibitocin koyarwa, ta nuna na bayan hanci ne ya fi yawa, sai na kogon hanci da na mafitar murya, kuma mafi yawan majinyata ba sa isa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu. Wanda ya san ƙauyukanmu ba zai yi mamaki ba. Kumburi a wuya kaluluwa ce har sai ta ƙi sacewa. Dashewar murya mura ce ko sanyi. Daga nan sai kyamis, sai wanzami ya cire beli ko ya yi sakiya, sai rubutu da turare idan aka fara zargin sammu. Kafin a yi maganar asibiti an shekara, wani lokaci ma raunin ya fashe.

Abin da alƙaluma suka nuna

Mafi ƙarfin shaidar da ake da ita ta fito ne daga ƙasashen da ke rubuta kowace mutuwa da dalilinta. A 2008 Stephanie Misono da abokan aikinta suka bi bayanan masu ciwon daji a Amurka daga 1973 zuwa 2002, suka tarar yawan kashe kai a cikinsu ya kusa ninka na sauran jama'a sau biyu, kuma masu ciwon baki da maƙogwaro da mafitar murya suna sahun gaba, tare da masu ciwon huhu da na tumbi. A 2015 David Kam da abokansa suka keɓe masu ciwon kai da wuya kaɗai, mutum 350,413, suka samu 857 sun kashe kansu, abin da ya haura ninki uku na sauran jama'a. Waɗanda ciwon ya kama wa ƙasan maƙogwaro da mafitar murya, wato inda haɗiya da magana suke, su suka fi kowa. Sai kuma binciken Nosayaba Osazuwa-Peters, masani ɗan asalin Nijeriya, wanda aka buga a 2018. Shi ya kwatanta masu ciwon kai da wuya da masu sauran nau'o'in ciwon daji daga 2000 zuwa 2014. A cikin kowane mutum 100,000, a shekara guda, ya samu 63.4 a ɓangaren kai da wuya, 23.6 a sauran ciwukan daji, 17.4 a cikin jama'a baki ɗaya. Ciwon daji guda ɗaya ne kawai ya zarce shi, na wata gaɓa da ke bayan tumbi, wanda da wuya ake tashi daga gare shi. A 2021 wannan masanin ya sake dubawa ta fuskar mazauni, ya tarar majinyatan karkara sun kusa ninka na birni sau biyu. Game da lokaci kuwa, binciken Fang Fang na 2012 a kan mutum fiye da miliyan 6 a Suwidin ya nuna haɗarin ya fi tsanani a makon farko bayan an gaya wa mutum ciwonsa, inda ya haura ninki 12, sannan ya sauka zuwa kimanin ninki 3 idan aka ɗauki shekarar farko gaba ɗaya.

Mai sauraro zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, ai wannan labarin Amurka ne da Suwidin. A can yawancin masu wannan ciwo dattawa ne da suka daɗe suna shan taba da giya, da yawansu su kaɗai suke zaune, ga bindiga a gida a Amurka. Manomin Rimaye ko na Mawashi ba haka yake ba. Na yarda, kuma ba na cewa a kwafo 63.4 a liƙa wa Kusada. Amma a lura da yadda aka yi kwatancen na 2018. Ba Ba'amurke aka gwada da Bahaushe ba. Mai ciwon maƙogwaro aka gwada da mai ciwon hanji ko na mafitsara a ƙasa ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya da al'ada ɗaya, kuma bayan an daidaita shekaru da jinsi da sauran bambance-bambance, ratar ta tsaya kusan ninki biyu. Wani kaso na wannan rata daga giya da taba yake, amma babban abin da ya rage shi ne wurin da ciwon ya zauna a jiki da ɓarnar da yake yi a wurin, kuma maƙogwaron Bakatsine bai bambanta da na kowa ba. Haka nan zaton cewa kashe kai ciwon Turawa ne bai da tushe. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, mutum fiye da 700,000 ne suka mutu ta wannan hanya, kashi 77 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma yankin Afirka ne kan gaba da 11.2 a cikin 100,000, alhali na duniya 9.0 ne.

Abin da ciwon ke ƙwacewa

A nan nake son mu daɗe, domin a nan ne al'adarmu, maimakon ta rage nauyin ciwon, take iya ƙara shi ba tare da kowa ya nufa ba. Mai ciwon hanji yana iya zura riga ya fita kasuwa, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinta. Rufin asiri, wanda Bahaushe yake roƙo a kowace addu'a, yana nan tare da shi. Mai ciwon muƙamuƙi ko na hanci ba shi da wannan gata, domin ciwonsa yana wurin da ake fara kallo idan za a gaisa. A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 55 daga wani ƙauye na Kusada da aka cire wa mafitar murya. Zai dawo da huda a gaban wuya, ta nan yake numfashi, ta nan majina take fita idan ya yi tari. Ba zai iya yin sallama a ƙofar gida ba. Ba zai iya amsa "amin" a bayyane ba, ko ya ja baƙi da asuba kamar yadda ya saba tun yana yaro, ko ya yi ciniki a kasuwa, ko ya tsawata wa ɗansa. Idan liman ne ko ladan ko malamin allo ko dillali, sana'arsa ta tafi tare da muryar. Mutumin da jiya ake jiran ta bakinsa a ɗaurin aure da rabon gado, yau a gabansa ake yanke shawara a kan gonarsa, ana magana a kansa kamar ba ya wurin.

Sai akushi. A garuruwanmu har yanzu magidanta suna fito da tuwonsu ƙofar gida bayan magariba a yi ciyayya, hannu biyar ko shida a kwano ɗaya, ana ci ana hira. Wanda aka yi wa gashi a wuya, kwana biyar a mako har mako shida ko bakwai, bakinsa yakan yi gyambo, yawu ya ƙafe, ɗanɗano ya ɓace, tuwo ya zama kamar ƙasa a baki. Wani abinci yakan dawo masa ta hanci, wani yawu ke dalala ba ya iya riƙewa, wani ta bututu ake ɗura masa kunu. Ba wanda zai kore shi daga tabarma. Shi da kansa zai daina fitowa, don kada ya ɓata wa mutane ci. Idan raunin ya fara wari, sahu ma yakan gagare shi. Yana ganin na kusa da shi ya ɗan matsa, ko ya kai hannun riga hanci, sai ya koma sahun baya, daga nan sai ya koma yin salla a ɗaki. Mace kuwa, wadda ake auna darajarta da fuskarta da girkinta, takan daina shiga biki da suna, a daina cin abin da ta dafa, wani lokaci a mayar da ita gidan iyaye "ta yi jinya", jinyar da ba ranar dawowa. Masu nazarin kashe kai sun daɗe da gano abubuwa biyu da sukan haɗu a zuciyar wanda ya kai wannan gaɓa: jin cewa ya fita daga cikin mutane, da jin cewa ya zame wa nasa kaya. Na farkon ke nan na bayyana. Na biyun kuma kuɗi ke kawo shi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci suke fita, kuma asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 ya fara ne da na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ban da na kai da wuya. Sai a sayar da tumaki, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona. Majinyacin yana kwance yana lissafi, ya san gadon 'ya'yansa ne ake ci saboda shi. A irin wannan hali ne ake jin kalmomin nan: "na gaji", "ku daina wahalar da kanku", "gara in huta kowa ya huta", "ku yafe mini". Mai jinya yakan amsa da "haba Baba, daina faɗin haka, yi haƙuri", magana ta mutu a nan.

Hujjar addini da hujjar shiru

Hujja mafi nauyi da za a kawo mini ita ce mu Musulmi ne, haramcin kashe kai a bayyane yake a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da hadisai ingantattu, kuma a Kankiya da Kusada ba a saba jin an ce wani mai ciwon daji ya yi haka ba. Ba na musun cewa imani garkuwa ne; bincike a ƙasashe da yawa ya nuna riƙo da addini da halartar ibada cikin jama'a suna tafiya da raguwar kashe kai. Sai dai a lura da kalmar "cikin jama'a". Wani babban rabo na wannan kariya daga sahu yake zuwa, daga gaisuwar bayan salla, daga cigiyar da ake yi idan ba a ga mutum da asuba ba, kuma mun ga yadda ciwon yake fitar da mutum daga sahun. Sannan littattafan hadisi da kansu ba su ɓoye cewa mumini yana iya kai wa wannan hali ba. Buhari ya ruwaito cewa sahabi Khabbab bn Aratt, bayan an yi masa lalas sau bakwai saboda ciwo, ya faɗa wa masu dubiya cewa hanin Annabi (SAW) ne kaɗai ya hana shi roƙon mutuwa. Muslim kuma ya kawo labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail bn Amr, ya kwanta ciwo a Madina, ya kasa jurewa ya yi abin da ya zama ajalinsa, kuma Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake ɗauka daga waɗannan ruwayoyi shi ne magabata ba su ɗauki burin mutuwa a tsananin ciwo abin da ba ya faruwa ga mai imani ba. Sun san yana faruwa, sun ji daga bakin majinyaci, sun rubuta.

Shirun da ake kafa hujja da shi kuwa, mu muka gina shi. Mafi yawan mace-mace a Nijeriya ba a yi musu rajista. A wurinmu wanda ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba likitan da ya duba, kuma wanda aka san yana da ciwon daji ba mai tambayar abin da ya kashe shi. Iyalin da suka ga wani abu ba za su faɗa ba, don tsoron surutu a kan jana'iza da tabon da zai bi 'ya'ya mata har ranar aurensu. Ga doka kuma: sashe na 231 na dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda aka gada tun gab da samun 'yancin kai, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba ta goge wannan hukunci ba. Wane ɗa ne zai kai mahaifinsa asibiti ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, alhali yana tsoron maganar ta kai ga 'yan sanda? Pakistan ta soke irin wannan hukunci a 2022, Maleshiya da Gana suka bi a 2023. Biyu na farko ƙasashen Musulmi ne, kuma ba wanda ya ce sun halatta abin da Allah ya haramta. Sun dai gane cewa wurin irin wannan mutum gadon asibiti ne. Duk da wannan shiru, lokacin da Farfesa Oye Gureje da tawagarsa suka shiga gidaje suka yi tambaya kai tsaye, a binciken da aka buga a 2007, kashi 3.2 cikin 100 na 'yan Nijeriyar da aka tambaya sun amsa cewa sun taɓa tunanin kashe kansu. Waɗannan jama'ar gari ne, ba majinyata ba. Akwai kuma wata mutuwa da ba ta shiga kowane lissafi: majinyacin da ya juya fuska bango, ya ƙi kunu, ya cire bututu, ya ce ba zai koma asibiti ba. Sau da yawa rashin kuɗi ne, wani lokaci kuma zaɓi ne na mai hankali da ya kamata a girmama. Amma wani lokaci ciwon damuwa ne mai magani, kuma ba a rarrabe su sai an zauna an tambaya.

Tambayar da ake tsoro

Gaisuwar dubiya a Hausa tana da kyau, amma ƙofarta a rufe take. "Yaya jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne." Ko mutum yana kan gargara, amsar ita ce da sauƙi, domin faɗin akasin haka kamar raki ne ko rashin godiya ga Allah. Ma'aikacin lafiya da ya tsaya a wannan gaisuwa bai tambayi komai ba. Ƙari a kan haka, majinyacin da muryarsa ta dashe ba shi ke amsawa ba, ɗan rakiya ne, kuma ba uban da zai ce yana son mutuwa a gaban ɗan da ya sayar da babur ɗinsa ya kawo shi. Don haka sai an nemi ɗan rakiya ya ɗan ba da wuri, a zauna daidai da majinyacin, a faɗa masa a hankali: "Baba, wannan ciwo yana sa mutane da yawa, har masu ƙarfin imani, su ji duniya ta ishe su. Kai ma kana jin haka?" Idan ya gyaɗa kai, sai a ci gaba ba kwana-kwana: "Ka taɓa tunanin ka cutar da kanka?" Wanda ba ya iya magana a ba shi takarda da alƙalami, dattawa da yawa da ba su yi boko ba suna rubuta ajami. Wanda ba ya rubutu, kai da hannu sun isa amsa. Masu jin tsoron cewa tambayar za ta dasa tunanin a zuciyar da ba ta da shi, bincike ya riga ya amsa musu: bitar da Dazzi da abokan aiki suka buga a 2014 ba ta samu shaidar cewa tambaya tana ƙara tunanin ba, a wasu nazarce-nazarcen ma raguwa aka gani. Ainihin cikas a wurinmu kunya ce. Yarinya 'yar shekara 24 da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi za ta ji nauyin yi wa sa'an kakanta wannan tambaya, kuma wannan nauyi sai da koyarwa da maimaici a aji yake sauka.

Saura hujja ta ƙarshe, ta masu rabon kuɗi. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum kimanin 151,000, Kusada kuma kimanin 99,000. A cikin jama'a irin wannan masu ciwon dajin kai da wuya ba za su yi yawa a shekara ba, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa da ke cin yara a jihar, ga mata masu mutuwa wajen haihuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Da me za a yi wannan aiki? Amsata ita ce ƙarancin majinyatan shi ne ya sa aikin zai yiwu. An san su da sunansu, an san ƙauyensu, an san ranar da aka gaya musu ciwon da ranar da aka sallame su, wato an san lokutan da haɗarin ya fi yawa. Kuma aikin ba ya jiran likitan ƙwaƙwalwa. Tura irin wannan dattijo asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko na Kware ko na Dawanau ma yana iya zama ƙarin rauni, domin abin da zai ji shi ne an ce ya haukace. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon damuwa da haɗarin kashe kai da ba da taimakon farko, an kuma gwada shi a Nijeriya. Kankiya ta fi kowace ƙaramar hukuma a yankin dacewa da wannan, domin a cikinta Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya Iro take, wadda ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukan jihar, ga kuma Babban Asibitin Kankiya a kusa da ita.

Yawancin abin da zai janye mutum daga bakin rami ma ba maganin ƙwaƙwalwa ba ne. Zafin ciwo da ba ya barin barci yana cikin manyan abubuwan da ke sa a yanke ƙauna, kuma ruwan mofin na sha, wanda ba shi da tsada kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kwantar da shi idan ya isa hannun majinyaci ƙarƙashin kulawa. Warin rauni, wanda ke korar mutum daga masallaci, yana raguwa ƙwarai idan ma'aikacin jinya ya wanke shi ya barbaɗa garin metronidazol, maganin da aka fi sani da Flagyl. Gashin wuya yakan raunana ƙullutun nan na gaban maƙogwaro da idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, sai mutum ya yi ta kasala da mutuwar jiki kamar mai ciwon damuwa. Gwajin jini yana nunawa, ƙwaya guda a rana tana gyarawa. Shi kansa ciwon damuwar ana iya tarar gabansa: a gwajin da William Lydiatt ya jagoranta a Nebraska, wanda aka buga a 2013, kashi 10 cikin 100 ne suka kamu da shi a cikin waɗanda aka ba magani tun farkon jinya, a kan kashi 24.6 na waɗanda ba a ba ba. Ban kawo wannan don a raba wa kowa ƙwaya ba, sai don a ga cewa abin da muke kira ƙaddarar mai ciwo yana da sababi da ake iya tarewa. A gidan manomi kuma akwai aiki guda da ba ya cin ko sisi, wato fitar da magungunan feshi daga ɗakin majinyaci a ba wani ya kulle. Tunanin kashe kai yakan zo ne kamar guguwa ya wuce, kuma idan abin cutarwa ba ya kusa, sau da yawa mutum yana tsira. Siri Lanka ta hana shigo da mafi haɗarin waɗannan magunguna, yawan kashe kai a ƙasar ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015.

Malamai da limamai ba 'yan kallo ba ne a wannan aiki. Gwajin da Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi inda masu maganin gargajiya da na addu'a suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti. Asibitin yara masu cutar zaizayar baki da ke Sakkwato ma ya daɗe da haɗa gyaran fuska da ba da shawara ga yara da iyayensu, don an gane ɗinki kaɗai ba ya mayar da mutum cikin jama'a. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayanin sallar marar lafiya da shafa a kan ɗaurin rauni. Majinyacin da ke zaton sallarsa ba ta karɓuwa saboda ba ya iya furta Fatiha ko wanke fuska yana bukatar malamin da zai zo har ɗakinsa ya warware masa, ya kuma sa abokan ciyayyarsa su riƙa shigowa su zauna, ko da shi kunu yake sha su tuwo.

Duk wannan yana rataye ne a kan takarda guda, takardar sallama daga Katsina. A yadda aka saba, ana rubuta sunan ciwo da magungunan da aka ba da da ranar dawowa. Ina ba da shawarar a ƙara layi uku: ko an tambayi majinyacin halin zuciyarsa da abin da ya amsa, sunan wanda zai kula da shi a gida, da sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyensa, ko a Yashe ne ko a Kafin Soli. Kwafi guda ya tafi Babban Asibitin Kankiya, daga nan a sanar da ma'aikacin wannan ƙaramin asibiti, shi kuma ya je gidan a cikin mako na farko, ya koma duk wata har shekara ta zagayo. Ya duba raunin, ya tambayi barci da ci da zafin ciwo, ya leƙa inda ake ajiye maganin feshi, sannan ya roƙi mutanen gida su ba shi minti goma shi da majinyacin kaɗai.